Lesiya Ba 'Yar Tsana Ba Ce

Shekara goma sha ɗaya muka yi da mijina Orest ba mu samu haihuwa ba. Da muka gaji da zaryar asibitocin Winnipeg, sai muka shiga neman ɗan riƙo daga wajen ƙasarmu Kanada. Shi ma ya cinye mana shekara biyu. A zo a duba gida, a auna ruwan rijiya, a tambaye mu ko muna faɗa, in muna yi wa ke fara ba da haƙuri. A ƙarshe takarda ta fito, an yarje mana yaro ɗaya wanda bai wuce shekara bakwai ba. Ƙarshen watan Yuni muka bar gonarmu da ke arewa da Dauphin a hannun maƙwabci, kanolar da muke nomawa don mai tana shirin fure, muka nufi Yukren.

Mu uku muka tafi, ba da son raina ba. Surukata Stefaniya, mai shekara saba'in da shida, ta ce ko a akwati ne sai an je da ita. A Manitoba aka haife ta, amma iyayenta daga can suka zo, kuma da yarensu ta tashi. Orest kuwa bai gaji komai daga yaren ba sai sunayen abinci da zagi guda uku.

Na ce masa, "Ka san halin Mama. Ko malamin coci ba ta ƙyale ba, balle alƙali."

Ya ce, "To ke ki faɗa mata ba za ta je ba."

Ban faɗa mata ba.

Kamfanin da ya shirya mana tafiyar ya haɗa mu da wani mutum mai suna Vadim. Shi ne tafintanmu, shi ne direba, shi ne mai bin takardu ofis-ofis. Wayar hannu biyu gare shi, yana sanye da rigar fata ana tsananin zafi, ga Turanci kamar a Toronto aka yanke masa cibi. Ranar farko Mama ta gyara ɗankwalinta ta gaishe shi da yarensu, gaisuwa doguwa irin ta mutanen da. Ya tuntsire da dariya.

"Kai, Kaka! Wannan yaren ai tun zamanin keken doki. A ina kika tono shi? A maƙabarta?"

Da Turanci ya faɗa, don mu ma mu yi dariya, kuma Orest ya yi. Mama ta tsuke baki. Daga ranar ba ta ƙara furta kalma ɗaya ta yaren a gabansa ba, shi kuma ya ɗauka iyakar abin da ta sani ke nan, gaisuwa da addu'ar cin abinci.

Ya kama mana ɗaki a wani gari da ke yammacin ƙasar, bene hawa na huɗu, ruwan zafi Talata da Asabar. Gidan marayun yana bayan tashar jirgin ƙasa. Ana ba mu awa biyu da safe, awa ɗaya da yamma, a wani ɗaki mai kujeru uku da furen roba. Shugabar gidan ta ce iyaye kawai za su shiga, don haka Mama takan zauna a bencin waje tana saƙa.

Yarinyar sunanta Zoriyana, shekararta shida. An yi mata aski kamar namiji saboda ƙwarƙwata. Na ba ta ayaba, ba ta ci ba, ta cusa a cikin safa. Ta dube ni, ta dubi Orest, sannan ta yi wata magana a hankali. Kalma ɗaya na kama a ciki: Lesiya.

Na ce, "Me ta ce?"

Vadim ya ce, "'Yar tsanarta ce ta ɓata. Lesiya take kiranta. Tana tambaya ko kun gan ta."

Zuciyata ta karye. Muna fita na ja Orest kasuwa, muka zaɓo 'yar tsana mafi kyau, mai gashi ruwan zinare da idon da ke rufewa in an kwantar da ita. Washegari na ɓoye ta a bayana, na durƙusa, na fito da ita ina murmushi, na ce, "Ga Lesiya!"

Yarinyar ta zabura ta dubi ƙofa, fuskarta ta yi haske. Da ta ga ba kowa, ta dawo da ido kan abin da ke hannuna. Ta karɓa, ta maka shi da bango, ta shige ƙarƙashin tebur.

Vadim ya ɗaga kafaɗa. "Haka marayu suke. Ba su san alheri ba. A hankali za ta saba."

Kwana shida muna haka. Kullum sai ta yi tambayar nan, kullum sai in ɗauko 'yar tsanar in girgiza mata, in ce Lesiya tana gaishe ki, Lesiya tana jin yunwa. Har muryar jarirai nake yi. Duk lokacin da na tuna wannan, har yau, sai in ji kamar in tona rami in shige.

Rana ta bakwai aka yi fenti a ɗakin ganawa, sai aka ce mu zauna a lambu. Mama tana kan bencinta, taku biyar daga inda muke. Zoriyana ta zo, ta tsaya a gabana, ta sake tambayarta, wannan karon har da ƙarin bayani, tana nuna titi da yatsa.

Vadim yana latsa waya ya ce, "Tana so a saya wa 'yar tsanar riga."

Na ji ƙarar allurar saƙa ta faɗi a kan siminti.

Mama ta ce, "Colleen, ajiye abin nan."

"Mama, ai ita ce ta ce..."

"Na ce ki ajiye!"

Ta taso da ƙyar saboda gwiwa, ta zauna a ƙasa kan ciyawa, ta kira yarinyar da yaren nan na zamanin keken doki. Zoriyana ta yi turus. Sai magana ta ɓalle mata kamar an buɗe famfo, tana yi tana kuka, tana riƙe da hannun rigar tsohuwar. Na dubi Vadim, na ga ya mayar da wayoyinsa duka biyu aljihu.

Mama ta ɗago ta dube mu.

"Lesiya yayarta ce. Uwa ɗaya. Shekararta goma sha biyu. Tare aka kawo su nan bayan uwar ta mutu, gado ɗaya suke kwana. A watan Afrilu wata farar mota ta zo ta tafi da babbar. Yarinyar nan tambayarku take yi ko za ku ɗauko yayarta. Yau kwana bakwai tana tambayarku, ke kuma kina kaɗa mata roba."

Orest ya miƙe tsaye. Mutum ne mai sanyi, ko saniya ba ya daka wa tsawa, amma ranar na ga wuyansa ya yi ja.

Vadim ya ce, "Kaka ba ta fahimta ba ne. Yaren yanzu daban yake da..."

Mama ta juya ta zuba masa magana da yaren, ta kai minti biyu ba ta ja numfashi ba. Ban ji komai ba sai zagi ukun nan da Orest ya sani, duk sun fito a jere. Wata mai shara da ke kusa ta ajiye tsintsiya ta tsaya kallo.

A mota ya daina musu. Ya kashe injin, ya juyo, ya yi mana magana kamar yana koya wa yara karatu.

"Ku saurara. Takardarku yaro nawa ta ce? Ɗaya. Shekara nawa? Bai wuce bakwai ba. Doka a nan ta ce ba a raba 'yan'uwa sai in ɗaya ba shi da lafiya. To babbar ba ta da lafiya, likita ya sa hannu, tana makarantar masu taɓin hankali. Ubansu ma daban, sunan gidansu daban, babu wanda zai tona. Taimakonku na yi. Ku kuna son 'ya, yarinya tana son gida. Wa aka cuta?"

Na ce, "Ba ta da lafiyar, ko an rubuta ba ta da lafiya?"

"Madam, ni ba likita ba ne."

"Kai ba tafinta ba ne ma!"

Ya yi murmushi. "Ki yi fushinki. Amma in kuka tayar da maganar nan, za ku koma Kanada hannu rabbana. Mako mai zuwa akwai wasu mata da miji da za su sauka, su ba su zo da kaka ba."

Mama ta buɗe ƙofa ta fita. Muka bi ta, muka tako har gida a ƙasa.

Da la'asar na kira ofishin kamfanin a Kanada. Wata mata, Madam Pruitt, wadda ta riƙe takardunmu shekara biyu, ta saurare ni har na gama. Muryarta kamar man shanu.

"Colleen, na fahimci damuwarki ƙwarai. Wannan mataki ne mai wuya, iyaye da yawa sukan ruɗe a daidai nan. Vadim ya fi shekara takwas yana aiki da mu, ba a taɓa kawo ƙararsa ba."

"Wa zai kawo ƙararsa? Shi ne bakin kowa, shi ne kunnen kowa!"

"Ina ba ki shawara ki yi tunani da kanki, ba da zuciyarki ba. Yara manya suna zuwa da matsaloli. Ki sha ruwa, ki huta, ki kira ni ranar Litinin."

Na kife wayar har sai da ta tsage.

Zan faɗi gaskiya, don ban ga amfanin in wanke kaina ba. Da muka zauna cin abinci, Orest ya ce, "Shekara goma sha uku muna jira, Colleen. In muka rasa wannan, ba za mu samu wata ba." Ni ma abin da ke raina ke nan. Ina tunanin ɗakin da na yi wa fenti ruwan ɗorawa, da gado ɗaya a ciki. Ina cewa a zuciyata, ai za mu iya aika wa babbar kaya, za mu iya rubuta mata wasiƙa.

Mama tana yanka baƙin burodi, ba ta ɗago ba ta ce, "To, ku yi shiru. Ku ɗauke ta ku tafi. Nan da wata shida ta iya Turanci, ta tambaye ku da bakinta. Sai ku nemo wanda zai fassara muku."

Orest ya ce, "Mama, ba a kan kuɗinki ko gonarki ake magana ba."

"A'a, a kan ɗana ake magana. Na ɗauka namiji na haifa, ashe buhun dankali na goya."

"Mama!"

"Ci abincinka. Gobe akwai bas ƙarfe bakwai, na tambayi matar da ke hawan ƙasa. Ni zan je in ga mahaukaciyar. Wanda ya ga dama ya biyo ni."

Muka bi ta. Tafiyar awa biyu ce, bas ɗin yana tsayawa a kowane ƙauye. Abin mamaki, yaren da Vadim ya yi wa dariya, a cikin bas ɗin nan kowace tsohuwa jinsa take yi. Kafin mu isa, mata huɗu sun san labarinmu, ɗaya ta tofar da yawu ta taga, ɗaya ta cika wa Mama jaka da kokwamba.

Makarantar tana ƙarshen ƙauye, tsohon gini mai tagogi da ƙarafa. Mama ta ce wa mai gadi ita 'yar'uwar kakar yarinyar ce daga Kanada. Ƙarya ce, kuma ta yi ta ba ko ƙifta ido. Aka nuna mana bayan kicin. A can muka samu wata doguwar yarinya siririya tana ferayar dankali a bokiti, ƙananan yara biyar sun kewaye ta, ta jingina littafi a gwiwa tana karanta musu tana aiki.

Mama ta gaya mata ko mu su wane ne. Yarinyar ba ta ajiye wuƙar ba. Ta ƙare mana kallo daga sama har ƙasa, sannan ta yi magana. Mama ta fara kame-kame wajen fassara mini.

Na ce, "Ki faɗa mini yadda ta faɗa. Kada ki rage komai."

"Ta ce, ku ne masu sayen yaran?"

Orest ya sunkuyar da kai.

"Ta ce an gaya mata Turawa sun zo sun ga hotonsu, sun ce ƙaramar suke so, babbar ta yi tsufa. Ta ce sau biyu tana guduwa daga nan da ƙafa don ta koma wurin ƙanwarta, ana kamo ta a hanya. Shi ne aka rubuta a takarda cewa haukan ya ƙaru, aka ba ta allura ta yi kwana biyu tana barci."

Na ce, "Ki ce mata ba mu san da ita ba. Ki rantse mata."

Mama ta faɗa. Lesiya ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba da ferayar. Can ta yi wata tambaya, muryarta ta ɗan sauka.

"Tana tambaya ko har yanzu ƙaramar tana fitsarin kwance. Ta ce in ta yi, kada a doke ta, a tashe ta da asuba ne kawai."

Na fita bayan ginin na yi amai.

A bas ɗin komawa, Orest yana kallon gonakin mutane ta taga. Sai da muka kusa gari ya ce, kamar da gilashin yake, "Gado mai hawa biyu zai shiga ɗakin yarinyar in na cire kabad."

Mama ta ce, "Ashe dai akwai mutum a cikin buhun."

Daga nan wahala ta fara. Muka sallami Vadim, ko in ce shi ya sallame mu, ya tafi da rabin takardunmu ya ce sun ɓata. Dole a sake takardar Kanada ta koma yara biyu, a ɗaga shekarun, kuma ba a yin haka sai an sake zuwa an duba gida. Dole a nan ma kwamitin likitoci ya sake duba Lesiya. Madam Pruitt ta turo saƙo cewa tun da mun kauce wa shawarar wakilinsu, kamfani ba zai ɗauki alhakin abin da ya biyo baya ba. Tsakiyar Agusta Orest ya koma, saboda alkama ba ta san ana shari'a ba. Aka bar ni da surukar da na ce kada a zo da ita, a ɗaki ɗaya, bene hawa na huɗu.

Shugabar gidan marayun, wadda a da take rungume ni, ta daina amsa gaisuwata. Rana ɗaya ta ce an samu ƙyanda, an hana ziyara. Kwana goma sha tara ana ƙyandar nan, alhali muna tsaye a bakin shinge muna ganin wasu baƙi suna shiga da leda cike da alewa. Kullum ƙarfe goma muna wurin. In an fito da yara shan iska, Zoriyana ta rugo ta kama ƙarfen shingen, Mama ta ba ta labarin yayarta, ni in zura mata ayaba. A nan na koyi kalmomina na farko na yaren. Mama ce malamar, kuma ba ta da haƙuri ko kaɗan.

"Ba haka ba! Ke bakinki na katako ne? Kin ce wa yarinya ta ci takalmi."

Ofis kuwa mun sha shi. A ce mai sa hannu ya tafi hutu. A ce hatimin yana hannun wadda ta je biki. A ce takardar likita ta kwana talatin ce, ta mutu jiya, a sake. Wani jami'i ya dube ni ya ce ta bakin Mama, me ya sa ku mutanen waje ba ku da godiya, an ba ku lafiyayya kuna neman mara lafiya. Na ce Mama ta gaya masa, in lafiyar irin tasa ce, mun gode, a bar mu da mara lafiyar. Ban san abin da ta faɗa masa ba, amma ya fi nawa tsawo.

Kowace Lahadi muna hawa bas mu je ƙauye. Lesiya ba ta sake mana fuska ba. Takan karɓi abin da muka kawo ta raba wa yaran nan biyar, ta tambayi ƙanwarta, shi ke nan. Ni ba ta ko kallona.

A watan Satumba kwamitin ya zauna, likitoci uku a bayan dogon tebur. Aka bar Mama ta shiga a matsayin 'yar'uwa. Ita ta ba ni labari. Wai babban cikinsu ya tambayi yarinyar, mene ne bambancin jirgin sama da tsuntsu. Ta ce, "Tsuntsu ba ya buƙatar hatiminku kafin ya tashi." Wata likita mace ta rufe baki da takarda. Suka ba ta lissafi ta yi, suka ba ta karatu ta yi. Suka rubuta cewa ta samu sauƙi ƙwarai sakamakon kulawar makaranta. Sauƙi! Babu wanda ya rubuta cewa da ma can lafiyarta ƙalau. Likitan da ya sa hannu a watan Afrilu yana cikin ukun, har da shi a masu taya ta murna.

Orest ya dawo ƙarshen Oktoba, ya rame, hannunsa duk tsaguwa, da sabuwar takarda a aljihun ƙirji. Aka sa mana rana. Don kotu muka ɗauki wata tsohuwar malamar makaranta ta yi mana tafinta, Mama kuma ta zauna a bayanta tana sa kunne, ko da za a ƙara gishiri.

A barandar kotun ne yaran suka haɗu, karo na farko tun Afrilu. Na ɗauka za a yi ihu da rungume-rungume. Zoriyana ta tsaya cak. Lesiya ta je ta durƙusa, ta duba kunnuwanta, ta duba farcenta, ta gyara mata maɓallin riga da aka saka a karkace, tana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa. Sai ƙaramar ta cusa kai a wuyanta, ba ta ƙara sakinta ba har aka kira mu.

Mai shekara goma sha biyu sai an nemi yardarta. Alƙaliyar, wata mace mai tabarau a kan hanci, ta tambaye ta ko tana so mu zama iyayenta. Ni kaina ban san abin da za ta ce ba.

Lesiya ta miƙe ta ce, "Ina da uwa, ta mutu. Ba na neman wata. Amma inda za a kai Zoriyana, can za ni."

Alƙaliyar ta ce, "Kotu tana son i ko a'a."

"To, i."

Ta zauna, ta ƙara da wata magana wadda malamar ba ta fassara ba. Na waiwaya na dubi Mama.

Mama ta ce, "Wai tsohuwar, wato ni, ba laifi."

Tsakiyar Nuwamba muka sauka Winnipeg, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Mun tafi da niyyar mako biyar, muka yi kusan wata biyar. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Lesiya ta yi wata uku tana kwana da takalmi a ƙafa. Ta fasa mini faranti, ta ce abincina kamar takarda, ta hana ni yi wa ƙanwarta wanka. A wurin Mama kawai take zama ta yi hira, suna murza ƙullu suna gulmata ina ji, don yanzu ina tsintar kaɗan-kaɗan. Har yau Colleen take kirana, ban kuma nemi ta canza ba.

Na rubuta ƙara zuwa hukumar da ke ba irin kamfanonin nan lasisi, shafi tara, da kwanan wata da sunan kowa. Bayan wata biyar suka amso da layi huɗu: abin ya faru a wata ƙasa, babu shaida a rubuce, kuma mai yiwuwa rashin fahimtar harshe ne. Rashin fahimtar harshe! Na sake rubutawa, ba su ƙara amsawa ba.

A bazarar da ta biyo baya, 'yar mujallar da kamfanin yake aika wa iyaye ta iso a akwatin wasiƙa. A shafi na biyu ga hotonmu a bakin kotu, ban san wanda ya ba su ba. A ƙasa an rubuta cewa saboda jajircewar wakilinsu Vadim, an gano wasu 'yan'uwa biyu da suka rabu, an haɗa su a gida ɗaya a Manitoba. An ce wannan ne iyali na ɗari da arba'in da ya taimaka wa.

Na kai ta kicin na ajiye a kan tebur. Orest ya karanta ya fita waje, na ji yana dukan tayar tarakta da ƙafa. Mama ta ce a miƙo mata waya da lambar matar nan mai muryar man shanu.

Lesiya ta dawo daga makaranta ta tarar da mujallar a kan tebur. Ta ja kujera, ta bi layin da yatsa, tana haɗa Turancin a hankali. Da ta kai ƙarshe ta sake komawa kan lambar.

Ta ce, "Ɗari da arba'in."

Na ce, "Haka suka ce."

"Su nawa ne a ciki suka je da mai jin yare?"

Ta ninke mujallar, ta tura mini, ta ce in zan sake rubuta wa hukumar in bar mata shafi ɗaya, ita ma tana da abin faɗa, kuma ta san sunayen yara uku a makarantar can da aka kawo a farar mota. Ranar Asabar muka zauna ni da ita muka rubuta. Wasiƙa ta uku ke nan, kuma har yanzu muna jiran amsa.